Batir ya koma baya, mota ta koma turi

A Birnin Ƙonni da garuruwan da ke kewaye da ita, daga Alela zuwa Malbaza har Badagishiri, ba abin mamaki ba ne a ɗaga bonet ɗin mota a tarar da gurbin batir wayam, shi kuwa batirin yana can cikin but ko ƙarƙashin kujerar fasinja. Dalilan a fili suke. Wani asid ne ya cinye farantin da batir ke zama a kai har ya zama tsatsa zalla. Wani ya sauke injin fetur ya ɗora na dizal, injin ya cike wurin. Wani kuma ya gaji da ƙaramin batir ya sayo ƙato irin na manyan motoci, ya ƙi shiga gurbin. Akwai masu gudun zafi, kuma suna da hujja: a watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa kan wuce digiri 40 a wannan yanki, ƙarƙashin bonet ya fi haka nesa, ƙarin digiri 10 kuwa a kan zafin da batir ke zaune ciki yana iya raba kwanansa gida biyu.

Kamfanonin ƙera motoci ma suna yin haka. BMW ta daɗe tana ajiye batir a but, na Mercedes W210 yana ƙarƙashin kujerar baya, haka na tsohuwar Volkswagen Beetle. Sauya wurin ba shi ne laifin ba. Sai dai sau da yawa bayan mako ɗaya ko biyu kik ya fara juyawa da nauyi, wata safiya a murɗa makulli a ji ƙas, daga nan shiru, a kira yaran unguwa turi. Kowa ya ce batir ne. A kai shi ya kwana wurin mai caji, ko a cire kuɗi a sayi sabo, kwana uku a koma gidan jiya.

Batirin da ke aiki lafiya ranar Litinin a gaban mota ba zai tsufa ranar Laraba don kawai an mayar da shi baya ba. Abin da ya canza shi ne hanyar da wuta ke bi. Da tafiyarta ba ta wuce kamu biyu ba, yanzu sai ta ci mita huɗu ko biyar, ta ratsa mahaɗai da hannu ya ƙulla a gareji, sannan ta nemi hanyar dawowa.

Ciwo uku ne ke fitowa da alama ɗaya. Ko dai caji ba ya isa batir, ko wani abu yana shan wutarsa da dare, ko kuwa batirin a cike yake amma wutar ba ta kaiwa ga kik da ƙarfinta. Ido ba ya rarrabe su. Multimita ce ke yi, ƴar na'urar nan da ake samu a shagunan kayan lantarki da na sola, wadda kuɗinta bai kama ƙafar na sabon batir ba.

Awo na farko da safe ake yin sa, kafin a taɓa makulli. A sa na'urar a awon bolt na wutar batir, jan tsinke a kan +, baƙi a kan −, a bisa dalmar kanta, kada a ɗora a maƙalin da ya kama ta. Cikakken batir yana nuna 12.6. In ya nuna 12.4 ya rage kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi ke nan, daga 12.0 zuwa ƙasa kuwa ya kusa ƙarewa. Batirin mota ɗakuna shida ne, kowane na ba da kimanin 2.1, don haka wanda aka yi wa caji ya kwana ya wayi gari a wajen 10.5 ɗaki ɗaya ya mutu. Wannan kam laifinsa ne, babu wayar da za ta tashe shi. Idan kuwa batir ya nuna 12.5 amma kik na jan ƙafa, to a bar batir ya huta, a koma kan waya.

Kauri da hanyar dawowa

Kik na ƙaramar mota mai fetur yana jan amfiya 100 zuwa 200, na dizal irin na Hiace ko Land Cruiser ya kan haura 300. Mai lambun albasa a Galmi ya san abin da ke faruwa in ya ƙara wa injin ban-ruwa tsawon tiyo bai ƙara masa faɗi ba: injin na ta kuka, ruwan da ke fita a ƙarshe kuwa ba ƙarfi. Lissafin waya haka yake, kuma ana iya yin sa a bayan takardar siminti. Wayar jan ƙarfe mai tsawon mita 5, in amfiya 200 ta bi ta, mai kaurin 10 mm² tana cinye bolt 1.75 a hanya, mai 16 tana cinye 1.1, mai 35 rabin bolt, mai 50 kuwa 0.35 kacal. Batir da kansa yakan sauka zuwa wajen 10 lokacin da kik ke juyawa. A cire masa kusan 2 a hanyar zuwa, a ƙara abin da hanyar dawowa ta ci, abin da ya rage ba zai juya inji mai sanyin asuba ba. Shi ya sa ƙaramar mota ke buƙatar 35 aƙalla, dizal kuma 50 ko 70.

A kasuwa sai an yi hattara. Akwai waya mai ƙatuwar roba ja, cikinta zare kaɗan. Akwai kuma wadda alminiyum ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, alminiyum kuwa kashi 60 cikin ɗari kawai yake ɗauka na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka. A yanke bakinta a duba: in tsakiyar zaren fari ne kamar azurfa, kuma ta yi sakayau a hannu, ita ce. Wayar masu walda ta jan ƙarfe zalla ta fi dacewa da wannan aiki, ga kauri, ga laushin lanƙwasa.

Amma inda aka fi faɗawa rami shi ne mas, wato wayar da ke haɗa kan − da ƙarfen mota, hanyar da wuta ke bi ta koma gida. Kowa idonsa na kan jar waya, ita ake saya da tsada, baƙar kuwa a ɗauko guntu a ɗaura a duk notin da ya fi kusa. A yadda kamfani ya ƙera yawancin motoci, wayar − reshe biyu gare ta: mai kauri zuwa jikin inji, ƙarami zuwa bodi. Ranar da aka ɗauke batir aka tafi da shi baya, reshen inji ya tafi ke nan ba wanda ya lura. Yanzu batir na haɗe da bodi a but, injin kuwa a kan roba yake zaune, kuma roba ba ta ɗaukar wuta. Amfiya 200 ɗin nan dole ta nemi mafita, sai ta bi siririyar wayar da ta rage, ko wayar totur, ko ta kuloci. Idan direba ya ce wayar totur ɗinsa na zafi ko tana cijewa tun da aka taɓa batir, bakanike mai basira ya riga ya san inda zai duba.

A motoci masu shasi, irin Hilux da Land Cruiser, abin ya fi muni, domin bodi da akwatin kaya a kan roba ake ɗora su. Mas ɗin da aka ɗaura a jikin akwatin baya kusan a banza yake.

Gwajin da ba ya buƙatar na'ura shi ne a ɗauki wayar jona batir mai kauri, a maƙala baki ɗaya a kan −, ɗayan a jikin ƙarfen inji, a murɗa makulli. In kik ya juya da karsashi, an kama ɓarawon. Da multimita kuwa ana samun adadi. A cire fiyus ɗin famfon mai don kada inji ya tashi, a ƙara wa tsinke ɗaya tsawo da kowace siririyar waya, tunda na'urar ba ta jan wuta. Tsinke ɗaya a dalmar −, ɗaya a jikin inji, wani ya murɗa kik na ɗan lokaci. Abin da ya fito shi ne asarar hanyar dawowa, kuma bai kamata ya wuce 0.3 ba. A maimaita tsakanin dalmar + da babban notin kik, nan iyakar rabin bolt ce. Sharaɗin shi ne a auna kik na juyawa. Wayar da zare uku kawai suka rage mata za ta nuna 12.6 daram in ba kaya a kanta, kuma wannan ne ke ruɗar masu gyara da yawa. Bayan gwajin a bi mahaɗai da bayan hannu, wanda ya yi ɗumi shi ne mai ciwo.

Gyaran da ke ɗorewa waya biyu ne daga kan −: doguwa mai kaurin jar wayar, kai tsaye zuwa notin da ke haɗa inji da giyabos, da gajeriya zuwa ƙarfe mai kauri na bodi. A kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure tam, sannan a shafa giris a bisa. Kowane bakin waya a sa masa kan jan ƙarfe a matse. Nannaɗe zare a jikin noti, da buga ƙusa tsakanin maƙali da dalma don ya daina motsi, dabaru ne na kai mota gida daga daji, ba su cancanci kwana biyu a jikin mota ba.

Ko altaneta na ba da caji

A tada inji, a riƙe totur kaɗan, a kunna manyan fitilu da fanka. A auna wuri biyu: babban notin bayan altaneta mai alamar B, da kan batir. Lafiyayyen caji yana tsakanin 13.8 da 14.4. In altaneta ya nuna 14.2, batir kuma 13.1, altaneta ba shi da laifi, cajin a hanya yake zubewa, kuma batirin da 13.1 kawai yake gani ba zai taɓa cika ba ko da an tafi da shi Yamai an dawo. Tazarar wuraren biyu kada ta kai rabin bolt.

In awon kan batir ya tsaya a 12 da ɗoriya, babu caji sam. Kafin a kwance altaneta a koma tsohon gurbin batir. A can kan + ba waya ɗaya ce ke haɗuwa ba. Akwai ta kik, akwai ta altaneta, akwai mai zuwa akwatin fiyus, kuma ba wuya a tarar an naɗe ɗaya da roba an tura ta gefe. A Toyota a duba babban fiyus mai rubutun ALT. Shi ne ke fara ƙonewa in an juya kawunan batir ko na ƙiftawar ido ne, abin da ke da sauƙin faruwa a cikin duhun but, musamman da batiran Japan masu L da R a ƙarshen lambarsu, waɗanda kawunansu ke juye da juna. Kan + ya fi kan − kauri, wannan ita ce shaidar da yatsa ke ganewa ko ba fitila.

Ƴar fitilar nan mai hoton batir a dashbod ma ba ado ba ce. Dole ta kama in an buɗe makulli, ta mutu in inji ya tashi. A tsofaffin altanetan Bosch, irin na Golf da Opel da Mercedes, wutar da ke bi ta ƙwan fitilar zuwa D+ ita ce ke tada caji. In ƙwan ya ƙone ko wayar ta tsinke, altaneta na iya yin ta juyawa ba ya ba da komai sai an taka totur sosai. Na Toyota da yawa kuma suna da siririyar waya mai alamar S, wadda altaneta ke jin ƙarfin wuta da ita. Tana ji ne a akwatin fiyus na gaba, don haka ba ta san abin da batirin baya ke samu ba. Maganin farko waya mai kauri. In hakan bai isa ba, ana iya ja wa S sabuwar waya har kan batir da ƙaramin fiyus. Idan mahaɗin wayar S ya yi datti kuwa, altaneta kan ɗauka wuta ta yi ƙasa ya yi ta ƙarawa. Awo ya wuce 15, ruwan batir na ƙafewa, ana jin warin ruɓaɓɓen ƙwai cikin mota. Sai an gama da waɗannan a waiwayi fambel da gawayin altaneta.

Akwai al'adar da ya kamata a binne: cire kan batir inji na aiki don a ga ko zai mutu. Batir ne ke shanye tsallen wutar altaneta. Da an cire shi wutar na iya zabura ta ƙona dayod ko ƙwaƙwalwar mota, kuma kuɗin ƙwaƙwalwa ɗaya zai sayi multimita da yawa.

Sababbin motoci suna da nasu tarkon. A jikin maƙalin − akwai ƙaramar na'ura mai filogi da ke ƙirga wutar shiga da ta fita, ƙwaƙwalwar mota kuma da lissafinta take sarrafa caji. In aka bar ta a gaba, ko aka ɗaura mas kai tsaye a dalma aka tsallake ta, lissafin ya rikice. Irin waɗannan motoci awonsu kan hau ya sauka da gangan, kuma gara a bar batirinsu inda kamfani ya sa shi.

Mai shan wuta da dare

Caji lafiya, waya lafiya, amma batirin da ya kwana a 12.6 ya wayi gari a 12.1. A kashe komai, a zare makulli, a rufe ƙofofi. A cire maƙalin −, a mayar da jan tsinke ramin 10A, a sa na'urar tsakanin dalma da maƙalin. Kada a taɓa kik a wannan hali, na'urar za ta ƙone. Mota mai ƙwaƙwalwa a ba ta minti 20 zuwa 30 ta yi barci. Abin da agogo da rediyo da ƙwaƙwalwa ke sha bai kamata ya wuce 0.05 ba. In ya wuce, a riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya har adadin ya faɗi.

Wanda aka fi kamawa bayan irin wannan aiki shi ne fitilar but. Ana shiga da fita da waya, an ture maɓallinta ko an lanƙwasa shi, tana ci a rufe ba mai gani. Ƙwai mai wat 5 yana shan kimanin amfiya 0.4, wato amfiya-awa 10 a yini da dare, kwana uku ya kwashe rabin batir mai amfiya-awa 60. Sai rediyo, in an haɗa jar wayarsa da rawayar wuri ɗaya a wutar da ba ta mutuwa. Sai amfilifaya da cajar salula da aka jona kai tsaye, tunda yanzu batir ya zo kusa da hannu. A ƙauyukan da wutar NIGELEC ba ta kai ba, motar da ta kwana a ƙofar gida takan zama wurin cajin dangi gaba ɗaya, kuma ba wanda zai faɗa wa direba.

In an zare fiyus duka adadin bai motsa ba, a cire wayar B ta altaneta, maƙalin − yana cire, a naɗe bakinta, a sake awo. In ya faɗi, dayod ne ya fashe yana mayar da wuta baya. In bai faɗi ba, a bi doguwar jar wayar taki-taki, musamman inda ta ratsa ƙarfe.

Saman batirin ma a dube shi. Ƙurar hunturu in ta haɗu da danshin asid takan zama hanya tsakanin kawunan biyu. Baƙin tsinke a kan −, a ja jan a bisa robar murfin, in adadi ya fito akwai yoyo. Ruwan kanwa na kashe asid. A goge da tsumma, murafun a rufe ruf, domin in ya shiga ciki zai kashe ɗakin da ya shiga.

Wasu kan sa babban maɓallin yanke batir su huta. A tsohuwar mota yana hana turin safe, amma ɓarawon na nan, kuma kashe shi inji na aiki daidai yake da cire kan batir.

Manyan motocin da ke ɗaukar siminti daga Malbaza da albasa daga Galmi batir biyu suke jerawa su ba da bolt 24. Yaron mota kan ja waya daga guda ɗaya don rediyo da caji, sai wannan ya riƙa zama da yunwa, ɗan'uwansa kuma caji ya yi masa yawa, su mutu tare kafin lokacinsu. Akwai ƴar na'urar da ke sauke 24 zuwa 12, ita ya kamata a sa.

Sauran aikin na tsaron rai ne. Jar wayar nan mai mita biyar a raye take dare da rana, kuma batir na iya tura ɗaruruwan amfiya cikinta in ta goge ta taɓa ƙarfe. Tana buƙatar babban fiyus, mai 150 zuwa 250 gwargwadon inji da kaurin waya, a ɗaure bai wuce kamu ɗaya daga kan + ba. Duk ramin da ta bi a sa mata rigar tiyo, a nisanta ta da salansa da bututun mai, a ɗaure ta kada ta yi lilo. Masu tsohuwar Beetle sun san yadda ƙarfen kujerar baya ke sauka a kan batir in mai nauyi ya zauna, har wuta ta tashi, don haka murfin roba a kan + wajibi ne. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, kashi 4 cikin ɗari nata a rufaffen wuri ya isa ya fashe, saboda haka a sa shi cikin akwati mai bututun da ke fita waje, ko a sayi rufaffe irin AGM. A yankin da direbobi ke ajiye jarkar fetur a but, kada ita da batir su haɗa ɗaki. A kuma ɗaure shi da ƙarfe, domin kilo 15 zuwa 20 ne, kuma gargadar hanyoyin jar ƙasa na kakkaɓe farantan cikinsa in yana tsalle.

Bayan an gama gyara, batirin da ya sha faɗuwa sai an cika shi da caja. Tafiya daga Ƙonni zuwa Tsarnawa ba za ta mayar da abin da ya rasa ba. Mai 60 da ya ƙare yana buƙatar awa 10 zuwa 12 a kan amfiya 6. In ruwansa ya yi ƙasa a ƙara tataccen ruwan batir marar asid har ya rufe farantai, ban da na rijiya ko na famfo. A bar shi ya kwana, a auna, sannan a auna kuma kik na juyawa. In ya sauka ƙasa da 9.6 alhali waya da mas sun ci gwaji, kwanakin da ya yi a ƙare cikin zafi sun riga sun daskarar da farantansa, sai a nemi sabo.